Adireshi Sittin da Biyu na Lagdo

Ni Haoua, da bakina na kare Sharif a ofishin Madam Pélagie. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Muna shekara ta biyu a sashen rezo, wato haɗa kwamfutoci, a Garwa, Madam ta ba mu aikin ƙarshen zango, kowa ya yi nasa. Ta ƙago wata ƙungiyar 'yan kifi mai ofisoshi a Garwa da Lagdo da Mokolo, ta ce mu raba musu adireshin na'urori gida-gida, kowane ofis da nasa gidan. Ta kuma faɗa ba wasa: wanda aka kama da kwafa, kora ce.

Takardar ta ce na'ura ashirin ce a Lagdo. Duk ajin suka yanka musu gida mai cin na'ura talatin, yadda littafi ya koyar. Ni kuwa na ba su mai sittin da biyu. A Lagdo aka haife ni, a gindin bandar kifin Innata na girma. Na san in lokacin kifi ya zo fatake cika wurin suke yi, kowa da waya a hannu yana cewa a jona masa intanet. Talatin ina za ta kai su?

Mutum ɗaya na gaya wa wannan, Sharif, ɗan Kusiri, wanda manyansa sun riga sun kai gaisuwa gidanmu. Muna zaune a bakin kogin Binuwai muna shan rake na ba shi labarin, yana ta dariya wai ni komai sai na sa kifi a ciki. Washegari ya ari kwamfutata, wai tasa ta ƙi ɗaukar caji. Na ba shi mana. Wa zan hana?

Bayan mako guda Madam ta kira mu mu biyu. Ta ce ayyukanmu daga adireshi ɗaya suka shigo mata, minti shida tsakaninsu. Ban bari ta rufe baki ba.

"Haba Madam, ai ke kika koya mana NAT. A shagon intanet na bakin makaranta muka tura, mu da rabin aji. A ciki kowace na'ura da adireshinta, amma in za a fita waje duk da fuska ɗaya ake fita. Wannan ba shaida ba ce. Sharif ba ɓarawo ba ne."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Darasi ya zauna, Haoua. Shi ya sa ban dogara da adireshin ba."

Ta shimfiɗa takardu biyu a tebur, ta ɗora yatsa a kan layin Lagdo. Sittin da biyu a tawa, sittin da biyu a tasa. Sauran layukan ma kamar an tsaga kara.

"Ɗayanku ne ya yi wannan tunani," in ji ta. "Sharif, me ya sa sittin da biyu?"

Na ɗauka zai sunkuyar da kai. Ina! Gyara zama ya yi, ya ce in lokacin kifi ya zo fatake cika wurin suke yi, kowa da waya a hannu. Har da "talatin ina za ta kai su", da irin karyewar muryata. Sannan ya ƙara, a hankali, ba tare da ya kalle ni ba: "Na taɓa yi wa Haoua bayaninsa. Wataƙila daga nan ne ta ɗauka."

Ban yi kuka ba. Satar aikin da sauƙi, da zan iya cewa tsoron faɗuwa ne. Amma ya tsaya ya zaɓi a kore ni, ni da nake ware masa bandar kifi mafi kyau duk hutun da na je gida. Wannan ne ya ci mini rai, kuma har gobe bai daina ci ba.

Madam ba yarinya ba ce. Ta ce, "To madalla. Wane wata ne fataken suke zuwa, kuma daga ina?"

Sharif bai taɓa taka Lagdo ba, ni kuma ranar rake ban kai nan a labarin ba. Madam ta jira, ta sake jira, sannan ta jawo takardarsa ta cire murfin jan biro. Ni na tsira, shi aka kora.

Mutane suna ta cewa in gode wa Allah da ya nuna mini halinsa tun kafin a ɗaura aure. Na gode. Amma akwai abin da ban gaya wa ko Innata ba. Lokacin da Madam take jira, Sharif ya juyo ya dube ni, irin kallon da yake yi mini a aji shekara biyu in tambaya ta kakare masa. Kuma wallahi sai da leɓena ya motsa. Saura ƙiris in faɗa masa watan.