Taragun Titus Sun Sha Wanka

Ladi tana tsugune a madafa tana neman murfin gwangwanin gishirinta, tana ta mita ita kaɗai, sai Sa'idu ya yi sallama. Abokin aikin mijinta Titus ne a reluwe: shi yana duba birki, Titus yana yi wa taragu fenti.

"In Titus ne ya aiko ka, ka gaya masa na gano shi," in ji ta daga ciki. "Murfina ya riga ya zama ƙafar jirgi."

Sa'idu ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Uwargida, sai haƙuri. Ya faɗi a bakin aiki da hantsi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ke nan.

Tun da dogo ya iso Gombe Ladi da Titus suka tare a unguwar Bolari, tun lokacin kuma babu gwangwanin da ya tsira a gidan. Na madara, na kifi, na tumatir, duk Titus zai yanke su da almakashi, ya daddale su da guduma, ya liƙe da darma, ya fitar da ɗan tarago da bai wuce tafin hannu ba, da ƙofarsa mai zugewa da lambarsa a gefe. Buroshinsa gashin jelar akuyar maƙwabta ne, har akuyar ta san takunsa. Guda goma sha biyu ya ƙera, ya jera su a kanta.

Abin da Ladi ta kasa ganewa shi ne, sai ya gama fenti tsaf, abu ya yi kyau kamar a kai gidan Razdan, sannan ya kankaro tsatsa daga tsohon kwano, ya kwaɓa da baƙin mai, ya bi taragon da babban yatsa yana dangwala masa.

"Wata guda kana gyara abu, ka ɓata shi a yini ɗaya."

"Ke kin taɓa ganin taragon da ya kai gyaɗa Fatakwal ya dawo da tsabta?" Haka yake ce mata kullum.

Kwana uku da binne shi matan zumunta na coci suka zo, kamar yadda ake yi wa duk wadda ta rasa miji. Ba a tambayar mai makoki, shara ake yi, a wanke duk abin da ruwa ke iya taɓawa. Ladi tana ɗaki ana yi mata gaisuwa, sai ta ji ƙarar gwangwani a cikin daro. Ta san wannan ƙarar. Ta tsallake ƙafafun mutane ta fito.

Ga taragu goma sha ɗaya a kife kan tabarma suna ɗaukar ido a rana. Mama Hilda, shugabar zumunta, ta ɗaure zane a ƙirji, da soso da toka a gabanta, na goma sha biyun yana hannunta.

"Ladi, zo ki ga ikon Allah. Ashe wannan ja ne."

"Mama, ajiye shi."

"Saura gefe ɗaya. Ni ban san yadda kika bar dauɗa ta kama kayan bawan Allan nan haka ba. Har yatsunsa sun fito a jiki, sai da na sa farce."

"Shi ya sa dauɗar."

"Maza ke nan, su ɓata mu wanke."

"Da gangan ya sa, Mama. Da hannunsa."

Mama Hilda ta dubi sauran matan, ta sassauta murya. "Baƙin ciki ne. Ku kawo mata kunu."

Ta sake tsoma soso. Ladi ba ta san lokacin da ta cafki taragon ba. Ita ja, Mama Hilda ja, mata biyu masu jikoki suna kokawa a kan gwangwanin kifi, har daron ya kife, ruwan toka ya bi ƙafar matar fasto. Ladi ta fizge, ta cusa taragon a cikin rigarta da jiƙarsa, ta koma ɗaki ta zauna. Aka ci gaba da yi mata gaisuwa ruwa yana ɗiga a cinyarta.

Da yamma Sa'idu ya zo. Ya tsaya a gaban tabarmar yana kallon taragun nan masu ƙyalli.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

"Masu taimako."

"To, sun mai da su gwangwani." Ya karɓi wanda ta tsirar, ya juya shi zuwa gefen da soso bai taɓa ba, ya nuna wani baƙin zane a ƙasan ƙofa. "Kin ga nan? Nan mai ke zuba in ƙafa ta yi zafi. Shekara tara ina gaya wa injiniya, Titus kaɗai ya saurare ni."

Ladi ta duba. A kusa da zanen ga shatin babban yatsa, ya fito sarai. Sai a lokacin kukan da ta kasa yi a maƙabarta ya zo mata.

Bayan wata biyu ta gwada kwaɓa tsatsa da baƙin mai, ta shafa wa guda ɗaya, ya fito kamar ya faɗa kwata. Ba ta ƙara ba. Ta sa kafinta ya buga mata katako a saman murhu, ta jera goma sha ɗayan a can inda hayaƙi ke bi. Mama Hilda ta zo ta gani, hannunta yana ƙaiƙayi, Ladi ta zaunar da ita da bayanta ga murhun.

Yanzu kowace safiya, in ta hura wuta, sai ta juya su ɗaya bayan ɗaya don hayaƙi ya sami kowane gefe. Sannan ta ɗauko na goma sha biyun daga ƙarƙashin matashi, ta kara shi kusa da su, ta duba.

"Da saura," takan ce, ta ɗora ruwan koko.