Surfaffen Gero a Wuyan Dinya

A zamanin Faransa, duk wanda ya kama dinya a tafkin Yekuwa, wurin Manzo maharbi yake kai ta. Babban yatsa kawai yake dannawa a ƙirjinta ya faɗi kitsenta, kuma maganarsa ba ta tashi. Da wannan yatsa ya yi suna, yana ji da shi kamar ɗan fari.

Wata damina sai ga wani Nasara, likitan dabbobi, daga Magariya, yana son sanin ƙibar dinyoyin da ke sauka ba tare da an kashe su ba. Aka nuna masa Muttaƙa, ƙanen Manzo, wanda shi daga nesa yake duba yadda cikin tsuntsuwa ya sauko bayan ƙafafunta. Nasara ya ɗauke shi aiki, har da ba shi madubin hangen nesa. Kishi ya hana Manzo sakat. Wai yaron da shi ya koya wa ɗana tarko, yau shi ake tambaya!

Ranar da tarkon Manzo ya kama wata ramammiyar dinya, ya ɗebi gero a ƙwaryar matarsa Ƙande, ya yi ta ɗura mata har gabanta ya cika tim. Ya ɗaure ta a gaban jama'a, ya ce masani ya faɗa. Muttaƙa ya duba bayan ƙafafunta ya ce ba ta da kitse. Nasara ya ga gaba a kumbure, ya yi shakka, ya sa tafinta ya ce wa Manzo ya raba gardama.

Manzo ya danna. Ƙashi ya ji, tsinin nan kamar bakin wuƙa. Ya dubi madubin da ke rataye a wuyan ƙanensa.

"Kitse ne zalla," in ji shi.

Nasara ya ce to wannan ɗaya a yanka a gani. Ƙande ce gwanar fiɗa, ita aka kira. Ta tsaga, ba ɗigon kitse, sai gero ya zubo fari tas, ba dusa ko kaɗan. Ina dinyar daji za ta samu surfaffen gero? Ƙande baiwar Allah, ba ta san komai ba, ta ɗago kai da murna.

"Malam, ashe ga geron furar da nake nema tun safe."

Ba wanda ya yi dariya. Muttaƙa ya sunkuyar da kai, kunyar yayansa ta rufe shi. Manzo kuwa ya tura yatsan nan cikin aljihu, kuma har ya bar duniya ba a sake miƙo masa dinya ba.