Ƙullin Inna Indo a Dutsen Kufai

A garinmu, can gefen Janfalan, akwai wata al'ada game da Dutsen Kufai. Duk wanda zai hau sai ya riƙa ƙulla ciyawa a gefen hanya yana tafiya, in zai sauko kuma ya bi yana kwancewa. Idan magariba ta yi aka ga ƙullin gindin dutse yana nan, an san akwai mutum a sama, sai maza su ɗauki fitila su bi sawu. Kuma ba mai kwance ƙullin wani, sai in tare suke saukowa.

Kakata, Inna Indo, ba ta ƙulla ciyawa. Kaba take ƙullawa, wai ciyawa ba ta da amana. Bahaguwa ce, don haka bakin ƙullinta hagu yake kallo, ko yaro ya gani ya san nata ne. Kowace shekara in an cire masara sai ta hau ta sassaƙo wa masu jego magani. Bara ta hau tare da maƙwabciyarmu Mukarrama, ciwo ya kayar da ita a can sama. Wasu Fulani makiyaya suka sauko da ita ta bayan dutse, ta burtalin shanu, aka kai ta asibiti a Ikara. A can ta cika. Cikin kuka da karɓar gaisuwa ba wanda ya tuna da ƙullinta.

Mijinta, Baba Tanko, shi ya tuna. Tun bayan rasuwar tunaninsa ya fara yawo. Da shi aka sallace ta, amma sai ya wayi gari yana tambaya ko ta dawo. In an ce masa ta rasu sai ya ce to ai ƙullinta yana nan, ya gani da idonsa, me ya hana a bi sawunta?

Ranar kasuwar Makarfi, babana Bilya da sauran mazan gidan suka fita da masara tun asuba. Na kai wa Baba koko na tarar da tabarma kawai. Babu sandarsa, babu takalmansa na roba. Innata tana da tsohon ciki, wayarta kuma ba caji. Ta ce in ruga ƙofar mai unguwa in faɗa. Na je, na hango dattawa zaune a kan dakali, na tsaya a bayan darni ina haɗa maganar a bakina. Ban taɓa magana a gaban maza masu yawa haka ba. Sai na ce wa raina tsoho mai sanda ina zai kai? Yanzu zan cim masa in dawo da shi. Na juya na bi hanyar gonaki ni kaɗai.

A gindin dutse na ga ƙullin Inna a jikin wata kaba. Ya yi fari-fari saboda rana da ruwan shekara guda, amma yana nan daram. A gefensa ga sabon ƙullin gamba, ɗanye shar, na Baba. Na ƙulla nawa kusa da su, na yi bisimilla na fara hawa.

Farkon hanyar duk gamba ce, ta fi ni tsayi, ta fitar da kai ta soma bushewa. Ƙaiƙayinta ya cika mini wuya. Daga nan sai duwatsu, manya kamar rumbuna, ana ratsawa ta tsakaninsu. In na ɗaga kai sai in ga ƙullin Baba, kusa da shi kuma na Inna, kamar mutum biyu ne suke tafiya suna hira. Da na waiwaya sau ɗaya na hango garinmu ya zama ɗan ƙarami, gonakin dawa sun kewaye shi ja-ja. Ban sake waiwayawa ba, don jiri ya so ya ɗebe ni.

Sai kurmi ya haɗiye hanyar. Marke da ƙirya da maɗaci sun haɗe kai sun tare rana, ganyen da ya fara zuba yana ƙara a ƙarƙashin ƙafata. Wani biri ya zauna a reshe yana bina da ido, bai gudu ba, bai yi kuka ba. Nakan ji tarin Baba a gabana, kusa, kamar in na sha kwanar nan zan gan shi. In na sha kwanar sai in ga ba kowa, tarin kuma ya koma gaba.

Rana ta kusa tsaka na same shi zaune a bakin wani ɗan idon ruwa, ya cire hula yana shafa kai. Da ya gan ni sai ya yi dariya.

"Amarya, har nan kika biyo ni? Lallai kina sona."

"Wa zai so tsoho mai gudu ba karin kumallo?" na ce. "Kokonka ya huce, tashi mu koma."

Ya ce koko ba ya guduwa. Na ce innata tana gida hankalinta a tashe, ya ce ai ita ma Indo tana can sama ita kaɗai, shekara guda ba wanda ya kai mata ko ruwa. Na riƙe hannunsa na ja, ya fizge da wani ƙarfi da ban san yana da shi ba. Sai na ga in na matsa zai iya faɗuwa a kan duwatsun. Na yi tunanin in mun kai sama ya ga ba kowa, zai haƙura. Na kwance gyaɗar da ke bakin zanena muka ci, muka sha ruwa, muka ci gaba.

Tafiyar ta yi tsawo. Yana taku kaɗan ya tsaya ya jingina da sanda, amma bai taɓa wuce wurin ƙulli bai ƙulla ba. Yana tafe yana nuna mini abubuwa: nan ne uwarsa take shanya kuɓewa, nan kura ta taɓa ɗauke musu akuya. Abin da ya ci jiya ba zai iya faɗa ba, amma kowane dutse a nan ya san shi.

Azahar ta gota muka kai kufan. Fili ne shimfiɗaɗɗe a saman dutsen, itatuwa sun kewaye shi. Ga da'irar duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, ga ramukan niƙa a jikin falalen dutse, sun yi sumul, ruwa kwance a cikinsu. Muka yi alwala da shi muka yi salla. A gefe guda akwai wani babban maɗaci, jikinsa duk tabon sassaƙa. Tabon ƙarshe bai gama rufewa ba. A gindinsa na ga ƙaramin gatarin Inna, ƙotar gara ta cinye, ƙarfen ya yi tsatsa.

Baba ya ɗauki ƙarfen ya juya shi a hannu. Ya ce ga shi, ba ta yi nisa ba. Ya zauna ya jingina da itacen, ya ce zai jira ta.

Na roƙe shi, na yi masa wasa, na ce zan yi yaji in bai tashi ba. Ko kallona bai yi ba. Ina cikin haka iska ta tsaya cak. Tsuntsaye suka yi tsit. Kowa a gari ya ce damina ta yi bankwana, amma ga wani baƙin hadari ya taso daga gabas, ƙasansa fari. Da ƙyar na ja Baba zuwa ƙarƙashin wani dutse mai rumfa kafin ya sauko.

Ba ruwa ba ne, ƙanƙara ce. Farko ƙanana kamar tsakuwa, sannan manya kamar ƙwan zabo. Tana dukan dutse tana tsalle, tana yayyaga ganye, ƙararta ta hana ni jin addu'ar da nake yi. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Da ta tsaya na leƙa, sai na kasa gane wurin. Kufan duka ya yi fari fat, kamar an shimfiɗa masa likafani. Ramukan niƙan sun cika, da'irar ɗakunan ta ɓace. Hazo yana tashi daga ƙasa yana ratsa itatuwa, ko'ina warin ɗanyen ganye. Wata kurciya tana kwance a gabanmu, fukafukinta a buɗe.

Sanyin da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba. Baba yana karkarwa, haƙoransa suna haɗuwa, leɓensa ya canza launi. Na cire mayafina na naɗe shi. Na san in dare ya same shi a nan ba zai kai safe ba. Na fita neman hanya, ƙanƙara tana cizon tafin ƙafata. Ciyawa duk ta kwanta, ƙullin Baba ko ɗaya ban gani ba. Sai can a bakin kurmi na hango wata kaba tsaye a cikin farin, da ƙulli a jikinta yana kallon hagu.

Na dawo na same shi ya fito, yana tsaye a tsakiyar fili yana kiran sunanta. Duwatsu suna maido masa da kiran. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, an sauko da Inna ta bayan dutse tun bara. Kai ka tsaya a sahun gaba aka sallace ta. Ƙullin ne kawai ba a kwance ba."

Ya daɗe yana kallona. Na ga kamar maganar ta shiga, ta kuma fita.

"Hafiza," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Wanda ƙullinsa yake ɗaure yana sama. Haka muka tarar."

"To bari in kwance mata."

"Ba a kwance na wani sai ana tare."

Hazo ya ƙara matsowa har maɗacin ya fara ɓacewa. Ban san daga ina maganar ta zo mini ba, na ji dai na ce to mu tafi da ita, shi ya kira ta, ni in riƙa kwance mata tun da hannunta ba lafiya.

Baba ya juya wajen maɗacin. Ya yi magana a hankali, irin yadda yake mata in sun daɗe a gidan biki.

"Indo, tashi mu tafi. Yarinyar nan tana jin sanyi."

Ya ɗan jira, kamar mai jiran mace ta gyara ɗaurin zane. Sannan ya dogara sandarsa ya kama hanya.

Na kwance ƙullin farko, yatsuna sun ƙage, kabar ta yanke ni. Daga nan na hango na biyu a ƙasa. Haka muka riƙa bi, ina riƙe da hannun Baba, in mun iso in sake shi in kwance. Ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin ƙafarmu. Takunsa na san shi, mai ja ne, da sanda a tsakani. Nawa ma na sani. Amma in mun tsaya, sai in ji ƙarar ta ƙara taku ɗaya ko biyu a bayanmu kafin ta tsaya. Na ce wa raina ƙanƙara ce take zubowa daga reshe. Ban waiwaya ba. Shi kuwa Baba lokaci lokaci yakan ce, a hankali nan wurin akwai santsi, kuma ba ni yake faɗa wa ba.

Ƙasa da idon ruwan nan muka tarar ruwan ƙanƙara ya yanke hanya. Inda muka taka da safe ya zama rami, ruwa yana gudu a ciki da duwatsu. Na hango ƙullin Inna na gaba a ƙetare, ba yadda za a kai gare shi. Na tsaya, hawaye suka zo mini. Sai Baba ya nuna hagu da sandarsa. Wata kaba ce a tsakanin duwatsu biyu, inda ba hanya. Akwai ƙulli a jikinta. Na matsa na taɓa. Kore ne shar, inda aka lanƙwasa ganyen har yana fitar da ruwa, bakinsa kuma hagu yake kallo. Da safe na wuce ta nan ina duba kowace kaba, ban gan shi ba.

Na karanta abin da na iya na kwance shi. Bayansa akwai wani siririn lungu, muka bi a karkace, ya zagaya da mu ya fito ƙasan ramin, daidai kan tsohuwar hanya. Ƙullin da ke ƙetare ya dame ni, na ɗaga kai in sake dubansa. Ganyen kabar duk a miƙe suke.

Da muka fita kurmi farin ya ƙare. Gamba tana tsaye a bushe, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, ɗuminta ya sauka a bayanmu, karkarwar Baba ta ragu. Nan ya fara samun nasa ƙullin yana kwancewa da kansa. Takun da ke bayanmu ban san inda na daina jin sa ba.

Muna isa gindin dutse na hango babana da wasu maza suna tahowa ta cikin dawa da fitilu a hannu. Na sunkuya na kwance nawa. Baba ya kwance nasa. Na miƙa hannu wajen kabar Inna, sai na tsaya. A kwance take. Ganyen yana nan da alamar lanƙwasa, fari a inda ya shekara a ɗaure, yana ɗan motsi.

Baba ya duba, ya gyaɗa kai.

"Ta riga mu," ya ce. "Dama ita ba ta jiran kowa."

Babana ya iso yana haki, ya buɗe baki zai yi mini faɗa. Baba ya miƙa masa ƙarfen gatarin, ya ce ya sa a yi masa sabuwar ƙota a ba ni. Sannan ya dafa kafaɗarsa ya ce gobe in Allah ya kai mu, ya kai shi ya ga inda suka kwantar da ita.