Safari da Safara

Sabuwa ta zazzage gwangwanin biskit ɗin a kan gado karo na biyu. Katin rigakafin yara na nan, takardar aure na nan, amma fasfo huɗu babu ko ɗaya. Ta zauna a bakin gado.

Ba yau ta fara zargin mijinta ba. Mako uku ke nan Mas'udu yana fita baranda da waya yana jawo ƙofa, mutumin da a da ko gaisuwa yake yi sai 'yan bene na uku sun ji. Larabcinta na kasuwa ne, na cefane da hawan mota, amma ta tsinci kalma biyu da yake ta maimaitawa: markab, wato jirgin ruwa, da kuma safari. Ita a kunnenta safara ta ji, kuma a unguwar Ainu Shams kowa ya san abin da ake safararsa a jirgin ruwa. Mutane ne.

Sannan ya ɗauki tef ɗin ɗinkinta ya auna ƙafar 'ya'yansu Ummi da Muslim, ya auna ƙirjinsu. Da ta tambaya, ya ce kayan salla ne, alhali saura wata biyar a fara azumi. Duk Juma'a kuma sai ya kwashe su zuwa koyon iyo, shi da ya tashi a Gusau ko kududdufi bai taɓa shiga ba. Ga iƙamarsu, takardar izinin zama, saura wata biyu ta ƙare, aikin tafintan da yake wa marasa lafiya 'yan Najeriya a asibitoci ya ja baya.

Da wata ce da ta yi dariya ta wuce. Sabuwa ba za ta iya ba. Shekara huɗu da suka wuce ƙaninta Ukasha ya ci tuwo a falon nan, ya ce zai je Iskandariyya ganin aboki. Bayan wata guda wani ya bugo daga Libiya ya ce jirgin ruwansu ya tashi zuwa Turai, ba a dai ji ya isa ba. Har yau mahaifiyarsu ta hana a yi masa sallar gawa.

Ta laluba aljihun kwat ɗin Mas'udu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ji kunya amma ba ta fasa ba. Ta sami wani kati mai hoton farin jirgi da adireshi a unguwar Dokki. Yara sai ƙarfe biyu za su taso daga makaranta. Ta zura hijabi ta nufi tashar jirgin ƙasa na metro.

A taragon mata ta tsaya har tashar Sadat, ta canza layi, duk hanya tana shirya abin da za ta faɗa tana warwarewa. Ta zaci za ta tarar da ɗaki mai duhu da wasu ƙarti masu busa taba. Sai ta tarar da ofis a hawa na huɗu, sanyin na'ura, hotunan kifaye masu launi a bango, da wata matashiya mai ɗankwali ruwan toka. Wannan bai kwantar mata da hankali ba, ai macutan yanzu su suka fi kowa kyan ofis. Gaban matashiyar kuwa ga Mas'udu zaune, ya sunkuya kan taswira, fasfo huɗu jere a gefen hannunsa.

Kafin ya ɗago ta kwashe su ta jefa a jaka.

"Maman Ummi? Me ya kawo ki nan?"

"Abin da ya kawo ka. Nawa ka sayar musu da ran 'ya'yana?"

Matashiyar ba ta jin Hausa, amma ta ga fuska. Ta miƙe ta jawo kujera. "Madam, zauna. Sunana Raniya. Ke ce uwar gidan? Alhamdu lillah, mako uku mijinki ya kasa zaɓar hanya, wataƙila ke ki raba mu."

"Hanyar ina?" Sabuwa ta tambaya da guntun Larabcinta, ba ta zauna ba.

"Ta safari mana."

Mas'udu ya dafe goshi. "Safari, Maman Ummi, ba safara ba. Haka suke kiran yawon jirgi a Bahar Maliya. Kwana huɗu ana kwana a ciki, ana shiga ruwa ana kallon kifi. Alhajin nan na Kaduna da na yi jinyar mahaifinsa wata uku, shi ya ba mu kyauta. Bahar Maliya fa, ba Bahar Rum ba."

"Duk ruwa ne."

Raniya ta juyo taswirar wajenta, tana magana a hankali, Mas'udu yana fassarawa kamar yana bakin aiki. Hanya uku ce. Ta tsakiya ta tsibirai, ruwa mai zurfi da manyan kifaye, ba a ɗaukar yara. Ta arewa daga garin Gardaƙa take tashi, ta masu nutso ce da ke goya tukunyar iska, suna sauka su kewaya tsofaffin jiragen da suka nitse. Ta kudu daga Marsa Alam, ruwa ba zurfi, ga murjani, ga kunkurun ruwa, yara sai su kwanta a sama da gilashin ido da bututun numfashi suna kallo. Awon ƙafa na takalman iyo ne, na ƙirji na rigar ceto. Fasfo kuwa masu gadin teku ne ke son kwafi kafin su ba jirgi izinin tashi.

Komai ya zauna daidai, shi ya sa ma Sabuwa ta ƙara tsarguwa. Ta sa aka nuna mata hoton jirgin ciki da waje, da lasisin kamfani da ke rataye a bango, ta sa Mas'udu ya karanta mata shi tun daga sama har hatimi. Ta tambayi ko jirgin yana komowa inda ya tashi. Raniya ta ce ran Alhamis da azahar, in sha Allah, kowane mako. Sai a lokacin ta zauna.

"To me ya sa ka ɓoye mini?"

"Na san in kika ji jirgin ruwa ba za ki bari in kai ƙarshen magana ba. So nake in gama komai in nuna miki hotuna. Ni arewa nake so, in koyi nutso ko sau ɗaya, amma na ce yaya zan kai ki ki tsaya a kan jiragen da suka nitse." Muryarsa ta canza, ransa ya ɓaci. "Shekara goma sha uku muna tare. Har kin yarda zan ɗora Ummi da Muslim a irin wancan jirgin?"

Kunya ta kama ta, har ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri. Sai ta ga yadda yake murza hularsa a kan gwiwa bai dube ta ba.

"Abban Ummi, dube ni. Ka rantse mini ba ka taɓa tunaninsa ba."

Raniya ta mai da ido kan kwamfuta.

"Yara a'a," in ji Mas'udu. "Wallahi ban taɓa ba."

"Kai fa?"

"Bara," ya ce a hankali. "Lokacin da aka dawo mana da takardun iƙama karo na biyu. Na je na ga wani mai safarar mutane a Giza. Ya ba ni rana. Ban je ba, khalas, ya wuce."

"Da me za ka ce mini ran tafiyar?"

Ba ta jira ya amsa ba, don ta san amsar ba za ta wuce zuwa ganin aboki ba. Tsoron da ta shigo da shi ya tafi, wani wanda ya fi shi nauyi ya zauna a wurinsa, kuma ta san wannan da shi za ta koma gida.

Raniya ta yi gyaran murya, ta ɗauki biro. "Ma'alish, ku yi haƙuri, yau ce ranar ƙarshe ta ba da sunaye. Arewa ko kudu, Madam?"

Sabuwa ta jawo taswirar gabanta ta daɗe tana kallo. Ba ta jira fassara ba, ta haɗa Larabcinta da kanta.

"Wacce ta fi nisa da Turai?"

Raniya ta yi dariya ta ɗora yatsa can ƙasan taswira. Ta dubi matar, ta dubi mijin, ta ga babu mai dariya a cikinsu. Ta sunkuya ta rubuta kudu.