Riƙon da Iya Mai Wanki Ta Bari

Bel ɗin ya sauka karo na uku kafin in fito daga ɗaki. Mai Walda ne tsaye a tsakar gida da bel a hannu, ɗansa kuwa yana ƙasa, yana buga goshi da siminti. Gum. Gum.

Shekarar yaron uku da rabi. Bai taɓa cewa "Baba" ba, ba ya cin abinci sai an ba shi a baki. 'Yan gidan hayarmu Kurma suke ce masa, alhali ya fi mu ji. Da uban ya kunna injin yankan ƙarfe a ƙofar gida, sai ya toshe kunne ya zube yana ihu. Ranar har da cizon wani da ya kawo aiki.

"Ka daina!" in ji Mai Walda. "Na ce ka daina, don ubanka!"

"Uban nasa ai kai ne."

Iya Mai Wanki ce ta taso daga bakin famfo, kumfa har gwiwar hannu. Tsohuwa ce, ɗakinta na jikin nawa, ba ta da kowa. Ita ke goya yaron zuwa asibitin yara duk Talata, don uwarsa tsoron mijinta take yi, shi kuwa ya ce iskanci ne ba ciwo ba.

"Sauke bel ɗin nan, ɗan nan," ta ce. "Likitarsa ta ce ƙarar injin nan kamar wuta yake jin ta a ka."

"Iya, koma kan wankinki."

"Wankin ba gudu zai yi ba."

Ta durƙusa tana lallaɓawa ta bayan yaron. Da na tsaya, da ta kwantar da yaron a minti biyar, na sha gani. Amma Mai Walda ya sake ɗaga hannu. Ni kuma shekara guda ke nan da gama sakandare ina zaune a ɗaki, cikina cike da haushin da na rasa inda zan sauke. Na shaƙo wuyansa ta baya. Ya sa ƙeya ya fasa mini hanci. Na ji jini a bakina, na kai masa naushi a kunne, ya rama a ciki. Mata na ihu. Na tattara ƙarfina duka na hankaɗe shi.

A kan Iya ya faɗa. Gefenta ya daki bakin dakalin famfo. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara.

A asibiti aka ce haƙarƙari uku, ɗaya ya taɓa huhu. Da aka tambaye ta, cewa ta yi santsin sabulu ne ya kwashe ta. Kwana biyu ta yi ta ce a mai da ita ɗakinta, ta gaji da warin magani.

Ran Asabar da la'asar ta aiko a kira mu, ni da Mai Walda.

"Ku shigo, 'yan dambe." Muryar ta zama kamar ta mai raɗa. Ta nuna ni: "Dogo, zauna a ƙasa. Kai kuma zauna bayansa."

"Iya, me ke nan?" in ji Mai Walda.

"Abin da likitar ta koya mini. Ba zan tafi da shi ba. Dogo ne ɗanka yau. Zagayo da hannuwanka."

Sannan na ji damtsensa a maƙogwarona, yana warin ƙonannen ƙarfe. Ya matsa kaɗan. Na san da gangan ne.

"Ƙirji na ce, ba wuya ba. In kashe shi za ka yi, ka bari sai na tafi."

Hannun ya sauko.

"Yawwa. Kada ka yi masa magana. Kada ka leƙa idonsa. Zai yi harbi, zai yi cizo, kai dai riƙe. Ka ja numfashi a hankali, har nasa ya bi naka."

Zuciyarsa na dukan bayana. Tawa ma yana ji.

"Talata, ƙarfe tara," ta ce. "Katin asibitin yaron na wajen uwarsa."

"Iya, mutane za su ce ɗana mahaukaci ne."

"Mutanen sun taɓa riƙe maka shi?"

Na so in ce ta yafe mini. Amma ta riga ni magana. Ta kalle ni ta ce, "Kai kuma, jeka ka kwashe mini shanya, kayan mutane ne."

Litinin da hantsi ta cika. Uwar yaron ce ta shiga da ruwa, ta fito tana kururuwa. Matan gidan suka ɗauka gaba ɗaya, gidan ya cika da koke-koke. Yaron na bakin ƙofarsu. Ya toshe kunne, ya zube, ya fara. A bugu na huɗu goshin ya tsage.

"Ku ɗauke Kurman nan mana!" wata ta ce. "Ana mutuwa yana hauka!"

Mai Walda ya ratso mutane, fuskarsa a murtuke, tafinsa a sama. Ina tsaye taku biyu daga gare shi. Na mai da hannuwana baya, na damƙe ɗaya da ɗaya har farce ya shige ni.

Ya tsaya a kan yaron.

Sai ya zube a ƙasa, ya ja jiki ta baya, ya zagaye ƙirjin da hannu biyu. Yaron ya harbe shi a ƙwauri, ya sa ƙeya ya fasa masa leɓe, ya kafa haƙora a damtsensa har jini ya biyo gwiwar hannu. Bai yi masa magana ba. Bai saki ba.

Da aka zo fita da ita, ina cikin masu ɗauka. Muka ratsa ta gabansu. Bai iya tashi ya bi mu ba. Yana zaune a kan siminti, idonsa a rufe, kan yaron a jingine ƙarƙashin haɓarsa, ƙirjinsu na tashi yana sauka tare.