Ranar da Sarki Ya Ce Masa Kai

Shekara goma sha ɗaya Kyaftin Sixten ya yi a tsibirin nan, yana gadin igwa ashirin da ba su taɓa harbin kowa ba. Dutse ne tsurarsa a bakin teku, an zagaye shi da ganuwa. Da rani ruwa ya tsare ka, da sanyi ƙanƙara ta karɓe shi. Duk ƙasar Suwidin an san Kyaftin ɗan Sarki ne, hancin ma ya isa shaida. Amma ba da aure aka haife shi ba, uwarsa Rangela 'yar mai gasa burodin fada ce, don haka kowa ya sani, kowa ya yi gum.

A ƙasarmu ba a ce wa mutum "kai" haka siddan. Da muƙaminsa ake yi masa magana kamar ba ya wurin: Kyaftin ya tashi lafiya? Kyaftin zai ƙara miya? "Kai" ta iyaye ce, sai kuma wanda kuka sarƙa hannu kuka sha giya tare, shi ma babban ne ke fara miƙo kofin. Mutum biyu kacal ke ce wa Sixten kai: uwarsa, da tsohon saje Botvid, ɗan ƙauyensu, wanda ya goya shi a kafaɗa tun yana tatata. Sarki kuwa sau huɗu suka taɓa haɗuwa, duk huɗun "Kyaftin" ya ce.

A shekarar nan limamin cocin ƙauye ya aiko da takarda: idon Rangela ya tafi, ita kaɗai take laluben murhu. Sixten ya rubuta neman a sallame shi daga soja, har sau uku, shiru. Wata ranar Alhamis suna shan miyar wake su biyu a ɗakin makamai, Botvid ya ce masa, "Kai ma dai da wauta kamar jakin niƙa. Teku ta daskare, ka taka da ƙafarka ka je ka faɗa wa Sarki mana. Kyaftin ɗari gare shi, ɗaya ne zai hana shi barci?"

Ya kuwa tafi. Kwana shida a keken ƙanƙara da doki ke ja, yana ta bitar maganarsa: shi ba ya son komai, ƙaramin hafsa ne mai tsohuwa makauniya, a sake shi. Karon farko a rayuwarsa ya gode Allah da ba a taɓa kiransa ɗa ba.

Da hantsi aka shigar da shi fada. Sarki ya tsufa ƙwarai, yana zaune jikin murhu da bargo a gwiwa, fadawa sun yi layi jikin bango. Sixten ya rusuna ya faɗi abin da ke tafe da shi. Sarki ya daɗe yana kallon hancin nan. Sannan ya sa aka kawo kofi biyu, ya miƙe da ƙyar, ya sarƙa hannunsa cikin na Sixten a gaban kowa.

"Sha," in ji shi. "Kai ɗana ne. Na daɗe ban faɗa ba."

Shekara talatin da huɗu yana jiran kalmar nan. Ya sha, hawaye na zuba cikin kofin, kuma wallahi daɗi ya ji, ba zan ɓoye ba. Bai gama haɗiyewa ba Sarki ya ci gaba da cewa kyaftin kam ana sallamarsa, amma jinin sarauta ba ya zama a ƙauye inda kowane ɗan tawaye zai iya zuwa ya ɗauke shi ya yi tuta da shi. Yarima mai jiran gado ma ba zai samu natsuwa ba. Saboda haka an ba shi muƙamin kanar, an ba shi tsibirin gaba ɗaya, iya rayuwarsa, ba fita sai da izini. Tsohuwar kuma za a aika mata da itace da mai aiki. Fadawa suka yi ta taya shi murna.

Ya koma kafin ƙanƙara ta fara tsagewa. Labari ya riga shi isa, sojoji sun yi fareti, an harba igwa ashirin ɗin nan karon farko, don shi. Da aka watse ya wuce ɗakin makamai, ya tarar da Botvid yana juya tukunya. Ya jefar da hula ya zauna, ya ce, "Baba Botvid, ka ga abin da shawararka ta ja mini?"

Tsohon ya ajiye ludayi. Ya miƙe tsaye, ya haɗa dugadugansa, idonsa a bango.

"Ran Kanar ya daɗe," ya ce, "Kanar zai sha miyarsa yanzu?"