Littafin da Casilda Ta Nema wa Ƙuri'a

A masana'antar naɗin taba ta garinmu, hannu na aiki, kunne na makaranta. Mai karatu yakan hau dandamali ya karanta wa ma'aikata jarida da safe, littafi bayan azahar. Shi ke kawo littattafai uku, su kuma su ɗaga hannu su zaɓi ɗaya.

Evelio ne mai karatun. Shi ya riƙe 'yar Casilda a coci ranar da aka raɗa mata suna, shi ya sa suke kiran juna kompadre da komadre. Shekara arba'in Casilda tana naɗin taba, kuma ba ta taɓa musa wa Evelio zaɓi ba.

Wannan karon tarihi ya kawo, har uku. Biyu na yaƙe-yaƙen ƙetare, na ukun kuwa na babban yajin aikin da aka yi a garin tun Casilda tana goye.

"Shi nake ba ku shawara," in ji Evelio. "Ba irin na 'yan jami'a ba ne mai sa barci. Ko Orestes zai gane."

"Kanka dai!" Orestes mai tankaɗe ganye ya ce, aka fashe da dariya.

Casilda ta san littafin. Bara Evelio ya kawo mata marubuciyar har gida, ya ce mutuniyar kirki ce. A kan maganarsa Casilda ta miƙa mata gwangwanin takardun mahaifinta, Nicanor, wanda duk gari ya san an ɗaure shi a yajin. Ita ba ta taɓa karanta su ba, rubutun ya dushe, idonta ma haka.

"Babana na ciki, kompadre?"

"Yana ciki sosai."

Shi ke nan fa! Casilda ta bi tebur tebur tana roƙon ƙuri'a, har da rabon kofi mai zafi. Hortensia, maƙwabciyar kujerarta ta shekara talatin, ta ce, "Ke tsohuwa, sai ka ce takarar magajin gari kike! To, nawa uban ma a kurkukun nan ya mutu. Zan ɗaga hannu biyu."

Littafin ya ci da rinjaye. Kwana takwas ana karatu, ana buga wuƙaƙen yankan taba a kan tebur duk inda aka ji daɗi.

Rana ta tara, Evelio ya gyara tabarau ya ce, "Wasiƙar Nicanor Marrero zuwa ga shugaban 'yan sanda." Casilda ta ɗago kai tana murmushi.

Bai karanta da muryarsa ba. Ya kwaikwayi ta marigayin, har da in'inarsa, yadda ita da bakinta ta sha kwatanta masa. A wasiƙar, Nicanor yana roƙon a sake shi, yana da jaririya a gida. A madadin haka ya lissafa mutum bakwai da suka shirya yajin, da gidajen da suke ɓoye. Na huɗu uban Hortensia ne.

Ba wuƙar da ta taɓa tebur. Ganyen da ke hannun Casilda ya yage.

Da aka tashi ta tare shi a bakin matakala.

"Tun yaushe ka sani?"

"Komadre, tarihi ne. Gaskiya ɗaci gare ta."

"Ba wa'azi na tambaye ka ba. Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai. "Tun kafin a buga littafin."

"Kana kallo ina yawon raba kofi? Ka ci abinci a gidana ranar Lahadi, Evelio! Bakinka ciwo yake yi?"

"Da na faɗa miki, da kin hana a zaɓe shi. Littafi ne mai kyau, ya kamata mutane su ji."

Wallahi ya yi imani da abin da ya faɗa, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ta koma ɗaukar jakarta, ta tarar Hortensia ta kwashe allon naɗinta da wuƙarta ta koma can ƙarshen layi, ta ba ta baya. Casilda ba ta da wani aikin sai wannan, kuma littafin da aka zaɓa ba a ajiye shi sai ya ƙare.

Ta juyo ta tambayi Evelio daga nesa, "Shafi nawa ya rage?"

"Ɗari biyu da arba'in," in ji shi. "Akwai wasu wasiƙun guda uku."